Batir sabo amma sitata sai tak tak, ina matsalar take?

Mai Roba-roba: Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masana harkar babur a taimaka min da shawara. Mashin ɗina roba-roba ne 110, na zuwa aiki da kai yara makaranta, matsalar ita ce da safe in na murɗa makulli na danna sitata sai dai in ji tak tak daga ƙarƙashin kujera shikenan baya juyawa, ita ma koriyar fitilar nan ta firi sai ta dushe, oda kuma sai wani ɗan kuka ƙasa ƙasa. Amma ina buga kik yake tashi ba gardama. Batirin nan bai daɗe ba, wanda na cire kafin shi ma haka yayi min, yanzu kuma inda na saya ana ce min wai in ƙara kuɗi in ɗauki babba. Wlh abin ya ishe ni, kuɗin batir yanzu ba wasa bane.

Ɗan Acaɓa Zariya: Wa alaikumus salam. Jabu suka baka malam, ba wani dogon zance. Batiran yanzu duk kwali ne, ka ɗaga kaji ba nauyi. Ni nawa tun da ya mutu ban sake bi ta kansa ba, kik nake bugawa ina neman abincina lafiya lau.

Mai Kayan Gyara: Haba ɗan uwa, komai sai ace jabu. Eh akwai jabu a kasuwa ba mai musu, amma mutum ya sa batir biyu a jere duk su mutu iri ɗaya kuma kace laifin batir ne? Mu da muke shago kullum sai an dawo mana da batir ana faɗa, in ka bi diddigi mashin ɗin ne baya caji.

Oga Rewaya: Mai Roba-roba kada ka sayi komai tukuna, ko fiyus kada ka saya. Amsa min waɗannan. Wane irin batir ne, mai ruwa ko busasshe wanda ba a buɗewa, kuma me aka rubuta a jikinsa? Akwai abin da ka ƙara wa mashin ɗin wanda ba da shi yazo ba, sikiriti mai rimot, cajar waya, fitilun ado, sifika? Sannan in ka yini kana yawo ka kashe shi da yamma, in ka danna sitata a lokacin yana tashi ko shima tak tak ɗin ne?

Mai Roba-roba: Oga busasshe ne, an rubuta 12V 5Ah. Akwai sikiriti mai rimot da na sa saboda ɓarayi, da wajen cajin waya a kusa da kan mashin. Da yamma wani lokacin yana juyawa da kyar kyar, wani lokacin ya ƙi. Da safe kam ko kusa.

Oga Rewaya: Toh madalla, ka ba ni rabin amsar. Bari in yi bayani da ɗan tsawo saboda wannan tambayar kullum sai ta dawo gidan nan. Batir randa ne, ba rijiya ba. Ba ya haifar da wuta, abin da aka zuba masa yake ajiyewa. In ka ga randa ba ruwa da safe to ko dai ba a zuba ba, ko tana yoyo, ko wani ne yake zuwa da dare yana ɗiba. Kai kuma kullum randa kake canzawa baka tsaya ka ga wanne ne a cikin ukun ba.

Abin da zai raba gardama mita ce, irin 'yar ƙaramar nan ta masu gyaran rediyo da sola, ko aro kayi. Ka juya ta wajen DC 20, jan tsinke a kan + baƙi a kan -. Awo uku zaka yi. Na farko da safe kafin ka taɓa komai, makulli a kashe. Lafiyayyen batir mai cikakken caji zai baka volt 12.6 zuwa 12.8, in ka ga 12.2 ko ƙasa da haka ya yi rauni sosai, in ya sauka ƙasa da 12 kuwa kusan fanko ne. Na biyu kana riƙe da tsinken wani ya danna maka sitata, ka kalli inda lambar take faɗawa, in ta zube ƙasa da 9.5 batirin ba shi da ƙarfin ɗaukar kaya. Na uku shine mafi muhimmanci, ka tada shi da kik ka ɗan ja totur ka riƙe, dole lambar ta hau zuwa 13.5 ko 14.5 haka. In ta tsaya inda take bata motsa ba, mashin ɗinka baya caji, ko batirin wane kamfani ka saka masa zai cinye shi. In kuma ta wuce 15 tana ta hawa to wuta tayi yawa, dafa batirin yake.

Mai Roba-roba: Allah ya saka da alheri Oga. Amma fa fitilar gaba tana haske tar da dare, in na ja totur har ƙaruwa take, shi yasa nake ganin caji ba matsala.

Oga Rewaya: Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. A yawancin ƙananan mashinan nan fitilar gaba ba daga batir take sha ba, kai tsaye daga kwayil ɗin maganeto, wato ɗan janareton da ke cikin inji, take samun wuta, shi yasa sai inji ya tashi take kamawa kuma take bin totur. Wayar fitila daban, wayar caji daban. Oda da sigina da fitilar firi da sitata sune 'yan batir. Saboda haka fitilarka zata iya haska titi gaba ɗaya alhali ko ɗigon wuta baya shiga batir.

Ɗalibin Poli: Ƙarin bayani akan maganar Oga, wutar da kwayil yake bayarwa AC ce mai kai da komo, batir kuma DC mai bin hanya ɗaya yake karɓa, to rektifaya ce take juya ta kuma ta tsare kada ta wuce kima. Ita ce 'yar baƙar aba ko ruwan toka mai tsaga tsaga a jiki, tsagar don ta riƙa shan iska ne saboda tana zafi. A mashinan da suka bi tsarin wayarin na Honda galibi waya huɗu ne a soket ɗinta, ja zuwa batir, kore at wato mai kama jikin bodi, fara ta caji, rawaya ta fitila. Amma a kula ba duka bane, irin su Boxer da TVS launin wayoyinsu daban ne kada mutum ya ɗauki wannan ya je ya yanke waya.

Ɗan Acaɓa Zariya: Duk wannan lissafin na 'yan boko ne wlh, mu da muke kan titi ina muka ga lokacin mita. Wajen mai cajin batir ɗin unguwarmu waya kawai yake ɗauka ya haɗa kai da kai, in ta yi tartsatsi da ƙarfi yace akwai wuta, in ba ta yi ba yace ya mutu.

Baba Tsohon Bakanike: Yaro ka daina tsayawa kusa da mai yin haka. Batir musamman wanda aka sauke daga caji yana fitar da iska mai kamawa da wuta, tartsatsi ɗaya ya isa ya fasa shi ruwan ya watsu a fuska, kuma ruwan batir in ya shiga ido ba a cewa komai sai dai Allah ya kiyaye. Bayan haka ma gwajin ba ya nuna gaskiya, batirin da ya kusa mutuwa ma yana tartsatsi. In ba mita a ɗauki ƙwan sigina a haɗa masa waya biyu a gwada da shi, ya fi wannan ganganci.

Ɗan Acaɓa Zariya: Na ji Baba, Allah ya ƙara girma. Amma maganar yawo ba batir fa, ai ba abin da yake yi ko?

Baba Tsohon Bakanike: Ya danganta da mashin. Wanda CDI ɗinsa, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, daga maganeto yake shan wuta zai tashi da kik ko ba batir, irin naka kenan. Wanda CDI ɗinsa na batir ne in batir ya mutu murus sai ka buga kik har ka gaji. Kuma ko a naka ɗin, batir yana taimakawa wajen daidaita wuta, in babu shi za ka ga ƙwan sigina da na birki suna yawan ƙonewa. Sannan kai mai ɗaukar fasinja, ba oda mai ƙarfi ba sigina a cikin cunkoson PZ ko Kwangila, wannan ba ƙaramin haɗari bane ɗana.

Mai Kayan Gyara: Ni abin da zan ƙara, kafin ma a kai ga mita a duba kan batirin. Sau da yawa noti ne ya saki, ko wannan farin garin mai kore kore ya taru a kai. Wutar oda kaɗan ce zata wuce, amma sitata mai jan wuta da yawa ce ba zata samu hanya ba sai kaji tak. A kwance, a fara cire baƙar waya kafin ja, wajen mayarwa kuma ja ake fara ɗaurawa, saboda in sifana ta taɓa bodi kada ta yi gobara. A wanke da ruwan zafi da 'yar bakar hoda ta girki ko kanwa, a goge da sanfefa har ƙarfen ya fito fes, a ɗaure tamau a shafa giris ko basilin a sama. A kula dai kada ruwan kanwar ya shiga cikin batirin.

Oga Rewaya: Gsky ne, har da inda baƙar wayar ta je ta kama jikin inji ko firem, nan ma tsatsa tana cin wajen musamman bayan damina da masu yawan kai mashin wajen wanki ana feshe shi da injin ruwa.

Malamin Firamare: Ina bin zancen nan da kyau domin nawa ma ya taɓa yin tak tak ɗin amma shi oda garau take, fitilar firi ma bata dushewa. Shi kuma menene?

Oga Rewaya: Malam naka daban ne da nasa. In an danna aka ji tak amma wuta bata dushe ba, batir ba shi da laifi, wutar ce bata isa sitata ba ko sitatar ce bata karɓa. Abin da yake tak ɗin rile ne, wani ɗan gwangwani mai noti biyu da manyan wayoyi a kusa da batir, cikinsa yana ƙonewa ya daina haɗa wuta. Yadda muke gwadawa, a kafe mashin a babban jak, a tabbatar yana firi, a ɗauki sukundireba a haɗa notin nan biyu na ɗan lokaci kaɗan. In sitata ta juya to rile ne a canza. In bata juya ba a sauke sitatar a buɗe, galibi burushin ciki ne ya cinye, gawayin nan guda biyu, ana sayar da su daban ba sai ka sayi sitata sukutum ba. Wata alamar burushi, in an ɗan ƙwanƙwasa jikin sitatar da sifana ana dannawa sai ta tashi. Amma dan Allah gwajin sukundireban nan yana tartsatsi, in akwai yoyon fetur a kusa kada a yi.

In kuma ka danna shiru ko tak ɗin babu, ka fara da fiyus, sai makunnin da ke jikin birki ko kuloci domin wasu mashinan sai ka matse suke bada hanya, sai maɓallin sitatar kansa da ƙura take cikawa.

Baba Tsohon Bakanike: Tunda an ambaci fiyus. Masu naɗa waya ko takardar sigari a madadin fiyus ku ji tsoron Allah. Fiyus 10 ko 15 nawa yake? Ya ƙone ne don ya ceci wayarin. In ka sa sabo ya sake ƙonewa akwai inda waya ta goge tana taɓa bodi, a nemo wajen, galibi a wuyan mashin inda kai yake juyawa.

Na Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan zahi shi ka kashe muna batiri, watan Afrilu da Mayu in ka aje moto cikin rana ruwan batiri sai ya ƙahe. Tambayata in ruwan ya sauka mi za a ƙara, wasu sun ce a sayo asid a ƙara wasu sun ce ruwan leda ma ya isa.

Oga Rewaya: Wa alaikassalam mutumin Katsinar Maraɗi. Duka biyun kuskure ne. Abin da zafi yake ƙafarwa ruwa ne, asid ɗin yana nan bai je ko ina ba, in ka ƙara asid ya yi kauri ya cinye farantan ciki. Ruwan leda da na rijiya da na famfo kuma akwai gishiri gishiri a ciki da yake lalata batir a hankali. Tataccen ruwa ake sawa, masu sayar da batir suna da shi a gora, a cika zuwa layin sama kada a wuce. Asid sau ɗaya ake zubawa, ranar da aka buɗe batir sabo.

Baba Tsohon Bakanike: In an rasa tataccen, ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki mun sha amfani da shi, a tace da tsumma mai tsabta.

Ɗalibin Poli: Baba da girmanka, shi ma yana kwaso ƙura da ɗan ƙarfe daga bututun da ya biyo, ya fi na rijiya nesa ba kusa ba amma bai kai tataccen ba.

Baba Tsohon Bakanike: Ai cewa nayi in an rasa, ɗana. Mutumin ƙauye da farantan batirinsa suka fito waje suna shan iska, gara ya sa wannan da ya bar shi a bushe har ranar kasuwa.

Mai Roba-roba: Jama'a na dawo da sakamako, na samu aron mita wajen maƙwabcina mai haɗa sola. Da safe 11.9 ta nuna. Da aka danna sitata ta faɗo wajen 7. Na buga kik na ja totur, 12.1 ta tsaya ko na ƙara wuta bata hawa. Na duba kan batir a ɗaure yake ba datti.

Mai Kayan Gyara: Toh Ɗan Acaɓa ka gani ko, ina jabun yake?

Ɗan Acaɓa Zariya: Naga alama, amma dai ba a wanke batirin ba tukuna sai an cika shi an ga ko zai riƙe.

Oga Rewaya: Wannan maganar taka daidai ce. Mai Roba-roba mashin ɗinka baya caji, wannan ya tabbata. Yanzu kada ka ruga ka sayi rektifaya, ka fara zare soket ɗinta ka leƙa ciki, ka bi wayar har soket ɗin da ya fito daga inji ta gefen hagu. Ka duba ko roba ta narke ko ƙarfen ya yi baƙi ko kore. In duk lafiya sai a juya mita zuwa AC a auna farar wayar da ta fito daga kwayil inji yana aiki, in wuta tana fitowa tana ƙaruwa da totur kwayil lafiya rektifaya ce ta mutu, in babu sai a buɗe murfin maganeto. A bi shi daki daki daga mai araha zuwa mai tsada.

Sannan sikiritin nan ban yarda da shi ba. Yau da dare bayan an yi cajin batirin ka cire baƙar waya ka bar shi ya kwana a haka, gobe ka auna. Jibi ka bar ta a ɗaure ka sake aunawa. Bambancin da ka gani shine abin da ake sha da dare.

Ɗalibin Poli: Lissafin ma mai sauƙi ne. Batirin 5Ah ne, wato zai iya bada amp ɗaya na kamar awa 5, a ce sikiriti da cajar waya suna jan amp 0.02 kawai a tsaye, a awa 24 sun sha kusan rabin 1Ah, kwana 10 sun tashi da batirin gaba ɗaya ko da a cike yake, kuma tun kafin a kai nan sitata zata daina juyawa. Balle wanda dama caji baya shiga.

Mai Roba-roba: Oga Allah ya biya ka. Mun je wajen mai wayarin, soket ɗin rektifaya ne ya narke, farar wayar ta ƙone ta saki tana lilo, ashe ko haɗuwa basa yi. Ya yanke ya sa sabon soket, rektifayar ma lafiyarta ƙalau, yanzu in an ja totur 14.2 take nunawa. Cajar wayar kuma wanda ya haɗa ta kai tsaye ya ɗaura a kan batir, ko an zare makulli tana ci, an mayar da ita bayan makulli. Sikiritin na bar shi saboda unguwarmu sai da shi. Saura batirin, mai caji yace in kawo ya sa min a babbar caja minti talatin ya cika.

Oga Rewaya: A'a kada ka yarda. Cajar batirin mota ce wannan, wutarta ta fi ƙarfin ɗan batirinka, zai yi zafi ya kumbura, busasshe kuma in ruwansa ya ƙafe ba a ƙarawa. Ƙa'ida kashi ɗaya cikin goma na girman batir, naka 5Ah wajen amp 0.5 kenan, a bar shi a hankali awa 8 zuwa 10. Ka nemi mai ƙaramar caja. In an sauke a bar shi ya huta awa biyu a auna, in ya tsaya 12.6 ko sama kuma sitata bata jawo shi ƙasa da 9.5 ba ka ci riba. In ya sake zubewa to zaman da yayi ba caji ya riga ya illata farantan, sai haƙuri a sayi wani, amma wannan karon zai daɗe.

Mai Kayan Gyara: In ta kai ga saye, a duba girman da zai shiga akwatin da ɓangaren da + yake, domin akwai mai + a dama akwai a hagu. Kuma mai ruwa in an zuba masa asid a bar shi ya jiƙa kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, a yi masa caji kafin a ɗora, ba a zuba a ɗaura a danna sitata nan take ba, wannan yana rage masa kwana tun ranar farko. Babban batir kuma da ake ce maka ba ya maganin rashin caji.

Malamin Firamare: Tambaya, ya halatta a ja wuta daga batirin mota in mutum ya maƙale a hanya? Naji wasu na cewa yana ƙona CDI.

Ɗan Acaɓa Zariya: Yana ƙonawa mana, batirin mota ai ya fi ƙarfin mashin.

Ɗalibin Poli: Ba haka bane yaya, duka 12V ne, mashin abin da yake buƙata kawai zai ja. Sharaɗin shine motar ta kasance a kashe, kuma kada a juya waya, + da +, baƙar a jikin inji. Abin da yake ƙona kaya shine a juya kan waya, ko a bar injin mota yana aiki, ko a ɗauko daga babbar mota mai 24V.

Oga Rewaya: Ɗalibi ya faɗi daidai. Amma mai kik me ya kai shi wannan wahalar, ya buga kawai. In mai kuloci ne ma a sa giya biyu a tura.

'Yar Damagaram: Sannunku da ƙoƙari, na ƙaru sosai. Ni tawa matsalar ba ta batir ba ce ina jin, motona sitata tana juyawa da ƙarfi amma lokacin sanyin nan da safe sai ta yi ta juyi ba ta kamawa, har in ji batirin ya fara sanyi, ga shi ina sammakon zuwa aiki. In rana ta yi kuma bugu ɗaya take tashi.

Baba Tsohon Bakanike: 'Yata wannan ciwon hunturu ne. Da farko ki daina dogon danni, daƙiƙa 5 ki saki ki jira kamar 10 ko fiye, in ba haka ba ki kashe batir ki ƙona sitata a banza. Da safe ki ja cok, kada ki murɗa totur da yawa, ki fara buga kik sau biyu uku makulli a kashe don mai ya zagaya sannan ki kunna. In ya kama ki bar shi ya ɗan ɗumama ki mayar da cok ɗin, kada ki manta shi a jaye yana shan mai yana baƙanta fulogi.

In duk da haka yana gardama a kai wa bakanike ya duba abu uku. Fulogi, a cire a kalli bakinsa, ruwan ƙasa ƙasa shine lafiya, baƙi mai toka a bushe mai ya yi yawa ko soson iska ya toshe, kuma da ƙurar hunturun nan soson yana cika da wuri sai ana wankewa, baƙi mai maiƙo kuwa baƙin mai ne yake hawa wannan maganar ringin fistin ce. Tazarar bakin fulogin milimita 0.6 zuwa 0.7 ake so, na irin 110 ɗin nan yawanci C7HSA ne. Na biyu kafireta, akwai ɗan noti a ƙasanta a kwance a zubar da abin da ya taru, za ki ga ruwa da datti musamman in ana shan man kwalba na bakin titi, a busa ƙaramin jet na silo domin shi ne mai aiki lokacin tashi. Na uku wanda yara da yawa basa dubawa, bawul. In ya matse inji baya riƙe iska da sanyi sai ya yi ta wahalar tashi, a saita shi inji yana sanyi, wajen milimita 0.05 ne a ƙananan nan, da ma'auni ba da ido ba.

'Yar Damagaram: Na gode Baba Allah ya ƙara lafiya. Man kwalba kam shi muke sha gaskiya. In na je in ce ya fara da wanne?

Baba Tsohon Bakanike: Fulogi da soson iska, sai kafireta. In ya ce zai saita bawul ki bar masa mashin ɗin ya kwana a yi da safe kafin a tada shi, kuma ki ce a sa miki 'yar matatar mai a tiyo tsakanin tanki da kafireta in babu.

Na Maraɗi: Baba ni kuma wani lokaci sitata tana kuka wiii da sauri amma injin baya juyawa sam, sai na sake dannawa ta kama.

Oga Rewaya: Wannan ba wuta bace, kulocin sitata ne da ke bayan maganeto, akwai 'yan ƙarafa uku masu sifirin a ciki da suke kama inji, in sun cinye ko sifirin ya saki sai ta riƙa zamewa. Ana canza su, amma sai an cire maganeto da abin jansa na musamman, kada ka bari a buga da guduma. Ka gyara da wuri kafin su tarwatse a cikin inji, kafin nan ka riƙa amfani da kik.